Burauza da Cinikin Shagon Intanet: Abin da Alƙaluma ke Nunawa

Masu sayar da kaya ta intanet sun fara maida hankali kan rahoton da ke raba kuɗin ciniki bisa ga burauzar da mai saye ya shigo da ita. A manhajar ƙidayar baƙi ta Google Analytics 4, wadda ta maye gurbin tsohon tsarin Google Analytics a watan Yulin 2023, za a ga Chrome da Safari da Firefox da Samsung Internet da Opera a jere, kowacce da yawan baƙinta da kuɗin da aka samu ta hanyarta. Sai dai bambancin da ke tsakaninsu yana da dalilai uku, kuma kowanne maganinsa daban.

Na farko shi ne aljihun mai saye. Chrome ta fi jama'a, domin kusan kashi biyu cikin uku na masu shiga intanet a duniya ita suke amfani da ita. Safari kuwa ta masu iPhone da Mac ce, waɗanda galibi suka fi ƙarfin saye. Idan cinikinta ya ɗara, ba ita ta kawo kuɗin ba, masu ita ne.

Na biyu, wanda ya fi cutar da ciniki, shi ne shafin da ba ya aiki daidai a wata burauza. Opera Mini, wadda ake so a Najeriya saboda tsimin data, tana matse shafi a na'urorin kamfaninta kafin ya iso waya, don haka wasu maɓallan biyan kuɗi kan ƙi motsi. Haka ma mai sayar da atamfa ko turaren wuta da ta sa talla a Instagram: mai saye ya danna, shafi ya buɗe a cikin manhajar, ya zaɓi kaya, banki ya turo masa lambar tabbatarwa, ya fita ya duba saƙo, ya dawo ya tarar dole ya sake komai daga farko. Ko dai ya haƙura, ko ya bi ta WhatsApp ya yi tiransifa. Wannan cinikin ba zai fito a rahoto ba.

Na uku giɓi ne a ƙidayar kanta. Tun 2017 Apple ya sa wa Safari tsarin hana bin sawun mutane, daga 2019 kuma kukis, wato alamomin gane baƙo da irin waɗannan manhajojin ƙidaya ke ajiyewa a burauza, ba sa wuce kwana bakwai idan mutum bai dawo ba. Firefox ma ta kunna nata kariyar ga kowa a 2019. Saboda haka mai Safari da ya shigo ta hanyar talla yau, ya dawo saye bayan mako biyu, sai a lissafa shi sabon baƙo, tallar da ta jawo shi kuma ta zama kamar ba ta yi amfani ba.

Illar rashin bambance waɗannan dalilai tana da yawa. Mai shago kan janye kuɗin talla daga inda masu sayensa suke, ko ya yanke cewa masu ƙananan wayoyi ba sa saye, alhali shafinsa ne ya hana su.

Don haka, idan ka ga burauza mai tarin baƙi amma cinikinta ƙalilan ne, kada ka taɓa kasafin talla tukuna. Nemo waya mai wannan burauzar, ka sayi kaya a shagonka tun daga zaɓe har biyan kuɗi, ka gyara duk inda ka maƙale.