Kitsen Hanta da Masu Ƙanjamau: Zogale Yana da Iyaka

Shekaru ashirin da suka wuce, babban abin da mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau ke tsoro shi ne rama. Yau, albarkacin maganin rage kaifin cutar, da yawa sun murmure har sun ajiye tumbi, 'yan'uwa suna ta hamdala. Ni ma ina taya su murna, sai dai akwai wata cuta da ke bin ƙibar nan a ɓoye, wato taruwar kitse a hanta. Ba ta zuwa da zazzaɓi ko ciwo. Sau da yawa sai an yi hoton ciki ko gwajin jini ake gano ta. In aka bar ta, hanta kan kumbura, ta yi tabo, a ƙarshe ta ƙandare.

Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu ɗauke da ƙwayar a Nijeriya sun kai kimanin miliyan 1.9, don haka batun ya shafi gidaje masu yawa. Ita ƙwayar, ko magani ya danne ta, tana barin jiki cikin wani ɗan kumburi marar yankewa. Tsofaffin magunguna irin su stavudine sun yi ƙaurin suna wajen tara kitse a hanta, kuma an daina amfani da su. Dolutegravir, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a sahun gaba a 2019, ya fi su nagarta nesa ba kusa ba, amma yakan ƙara wa wasu nauyi.

A nan ne ake kawo zancen abinci mai sinadaran kariya. Yayin da jiki ke ƙona abinci, yakan fitar da wasu ɓurɓushin sinadarai masu cin ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, kuma hantar da kitse ya cika ta fi shan wannan ɓarna. Bitamin C da bitamin E da launukan da ke cikin ganye da 'ya'yan itace suna rage ta. Ba sai an je kantin zamani ba: zogale, rama, alayyafo, kuka, tumatir, karas, gwaba, lemo, wake da jar dawa duk suna kasuwar unguwa.

Inda nake da ja shi ne yadda 'yan talla suka mai da wannan ilimi hanyar cin kasuwa. Kowace mota mai lasifika tana da kwalbar "wankin hanta". Gaskiya ne wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2010 ya nuna bitamin E ya rage kumburin hanta, amma a kan manya marasa ciwon suga aka yi shi, da awo mai yawa, ƙarƙashin kulawar likita. Ganye a cikin miya daban, ƙwayar da aka matse daban. An sha samun waɗanda ƙwayoyin koren shayi suka ji wa hanta rauni. Mafi muni shi ne a ajiye maganin asibiti saboda jiƙo.

Abin da likitocin hanta suka fi amincewa da shi ba ya da daɗin talla: rage kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki ga mai ƙiba, tafiyar ƙasa, barin giya, da rage suga. Zoɓo yana da sinadaran kariya, amma wanda aka zuba wa rabin gwangwanin suga ya zama ɗan'uwan lemon kwalba. Haka gyaɗa: tana da bitamin E, amma wadda ta yi hunhuna a rumbu tana ɗauke da gubar aflatoxin, mai haddasa dajin hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B.

Ina roƙon asibitocin da ke raba magani su riƙa auna ƙugu da duba hanta, kada a tsaya a ƙidayar ƙwayar cuta kawai. Su kuma sanar da masu shan dolutegravir cewa ƙwayoyin ƙarin jini da na kalsiyam suna hana shi shiga jiki idan aka haɗa su ba tare da abinci ba; a sha shi awa 2 kafin su, ko awa 6 bayansu.