BIRNIN KIYOTO: ABIN DA BAƘO ZAI GANI DA INDA ZAI YI SAYAYYA

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. In akwai garin da ya gaskata wannan karin magana, to, Kiyoto ne, tsohon babban birnin ƙasar Japan. Da an ambaci Japan, abin da ke fara faɗo mana a rai mu ɗalibai shi ne motoci da babura da rediyo. Amma baƙin da ke tururuwa zuwa Kiyoto tsofaffin abubuwa suke zuwa gani, waɗanda mutanen garin suka adana tun kaka da kakanni. A wannan ɗan rubutu zan bayyana wa 'yan'uwana masu karatu wuraren kallo na garin, da kasuwanninsa, da kuma wahalar da yawan baƙi ya jawo masa.

Tarihin Garin

Kiyoto yana tsibirin Honshu, wanda ya fi sauran tsibiran Japan girma. Duwatsu sun kewaye shi ta gabas da yamma da arewa, kogin Kamo kuma ya ratsa ta cikinsa. Mutanensa sun kai kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. A shekarar 794 Sarki Kanmu ya kafa fadarsa a nan, aka shata tituna a miƙe, suna gitta juna kamar gidan dara, bisa tsarin babban birnin ƙasar Sin na wancan zamani. Sarakunan Japan suka zauna a garin fiye da shekara 1,000, sai a 1869 fada ta koma Tokiyo.

A Yaƙin Duniya na Biyu jiragen Amurka sun ƙone yawancin manyan biranen Japan. Kiyoto ma yana cikin jerin garuruwan da aka yi niyyar jefa wa bom ɗin atom a 1945, sai Sakataren Yaƙi na Amurka, Henry Stimson, ya dage aka cire sunansa. Wannan na cikin dalilan da suka sa har yau garin ke da ɗakunan ibada na addinin Buda kimanin 1,600, da na addinin gargajiya na Shinto kimanin 400. A 1994 hukumar UNESCO ta sa wurare 17 na garin da kewayensa cikin kayan tarihi na duniya.

Zuwa garin ba wuya. Jirgin ƙasa mai gudun tsiya da ake kira Shinkansen yakan ɗauko mutum daga Tokiyo, tafiyar kimanin kilomita 500, cikin sa'a biyu da 'yan mintoci. Wanda kuwa ya sauka a filin jirgin sama na Kansai, kusa da Osaka, tafiyar kamar sa'a ɗaya da kwata ce a jirgin ƙasa.

Wuraren Kallo

Bari mu fara daga gabas. A gefen dutse akwai ɗakin ibada na Kiyomizu, ma'anar sunan kuwa ruwa mai tsabta. An kafa shi a 778, amma ginin da ke tsaye yanzu na 1633 ne. Abin mamakinsa wata baranda ce ta katako, tsawonta daga ƙasa mita 13, tana bisa manyan ginshiƙai da aka sarƙe da juna ba tare da ƙusa ko ɗaya ba. In mutum ya tsaya a kanta sai ya hango gari shimfiɗe a gabansa.

Can arewa maso yamma akwai Kinkakuji, watau Soron Zinariya. Wani shogun ne ya fara gina shi a 1397 don ya zama gidan hutawarsa. Shogun shi ne sarkin yaƙi, kuma a wancan zamani shi ke riƙe da mulki, Sarki sai suna. Soron hawa uku ne, hawa biyu na sama an lulluɓe su da zinariya, ga tafki a gabansa yana nuna hotonsa kamar madubi. A 1950 wani matashi mai koyon aikin ibada a wurin ya cinna masa wuta, ya ƙone ƙurmus. Mutanen garin ba su haƙura ba, suka sake gina shi a 1955 bisa siffarsa ta da. Kusa da shi akwai lambun Ryoanji. Ba fure ba itace, farar tsakuwa ce kawai aka share da manjagara, aka dasa duwatsu 15 a ciki. An jera su da dabara, ta yadda duk inda ka zauna a baranda sai wani dutse ya ɓuya maka.

A tsakiyar gari akwai fadar Nijo, wadda shogun Tokugawa Ieyasu ya gina a 1603. Daɓen katakon barandunta yakan yi ƙara kamar kukan tsuntsu in an taka. An ce amfaninsa shi ne kada maƙiyi ya sato jiki da dare ba a ji ba. A wannan fada ce shogun na ƙarshe ya sanar da mayar da mulki hannun Sarki a 1867.

A kudu kuma sai Fushimi Inari, wanda aka kafa a 711 don abin bautar shinkafa da ciniki. Dubban ƙofofin katako jajaye ne aka jera, wata na bin wata, suka zama kamar rami mai hawa dutse. 'Yan kasuwa da kamfanoni ne ke ba da kuɗin kafa su, a rubuta sunan kowa a bayan tasa. Hawa da saukowa yakan ci sa'a biyu zuwa uku, kuma ba a biyan ko anini. A yamma, unguwar Arashiyama na da dajin gora, inda gorar ta yi tsawo har takan tare rana.

Lokutan da baƙi suka fi so su ne ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, sa'ad da itatuwan sakura ke fure, da watan Nuwamba, sa'ad da ganyaye ke rinewa su yi ja. A watan Yuli ana bikin Giyon, wanda ya samo asali a 869 lokacin wata annoba. Ran 17 da ran 24 ga wata maza kan ja manyan amalanke na katako, masu tsawon bene, da igiya cikin gari.

Kasuwanni

To, mu je kasuwa. Wadda ta fi suna ita ce Nishiki, ana mata kirari da madafar Kiyoto. Lungu ne guda mai rufi, tsawonsa kamar mita 400, da shaguna fiye da 100 a gefe da gefe. Ta shekara kimanin 400 tana ci. Asalinta kasuwar kifi ce, domin a ƙarƙashin wurin akwai ruwa mai sanyi, da shi masu kifi ke hana kayansu lalacewa tun ba a ƙirƙiro firji ba. Yau ana samun kifi, da ganyen shayi, da kayan lambu da aka tsima cikin gishiri, da wuƙaƙen ƙira masu kaifi.

Daga bakinta na gabas sai ka faɗa titunan Teramachi da Shinkyogoku, su ma masu rufi, ko ana ruwa ba ka jiƙewa. A Teramachi akwai tsofaffin shagunan littattafai da takarda da turaren wuta. Shinkyogoku, wanda aka buɗe a 1872, wurin ƙananan tsarabobi ne masu araha, shi ya sa 'yan makarantar Japan da aka kawo yawon buɗe ido ke cika shi. Kusa da nan, a titin Shijo, akwai manyan kantuna irin su Takashimaya da Daimaru, hawa bisa hawa, abinci a ƙarƙashin ƙasa, tufafi da kayan ado a sama.

Amma mai son aikin hannu, wanda shi ne ainihin arzikin garin, sai ya bi gangaren Sannenzaka da Ninenzaka a ƙasan Kiyomizu. Hanyoyi ne na dutse tsakanin tsofaffin gidajen katako, ana sayar da tangaram da aka zana wa fure da hannu, da mafitai masu naɗewa, da wata alewar garin shinkafa mai ƙanshin kirfa. Unguwar Nishijin ta masaƙa ce. Sun yi ɗaruruwan shekaru suna saƙar siliki da zaren zinariya, wanda ake yin ɗamarar kimono, tufar gargajiyar Japan, da shi. Akwai kuma kasuwannin da ke ci sau ɗaya a wata: ran 21 a harabar ɗakin ibada na Toji, ran 25 a Kitano. Nan ake samun tsofaffin kimono da kayan da.

Mai sayayya ya lura da abu uku. Kuɗin ƙasar sunansa yen. A kanti ba a tayi, abin da aka rubuta shi za ka biya, sai dai a kasuwar wata-wata ana ɗan neman ragi cikin ladabi. Ba a kuma ba ma'aikaci tukuici. Sa'an nan akwai harajin kashi 10 cikin 100 a kan yawancin kaya, amma kantuna da yawa na da tsarin sauƙaƙa wa baƙo shi, saboda haka kada ya bar fasfonsa a masauki.

Ladabin Baƙo

Sai dai fa kowane allazi da nasa amanu. A 2024 baƙi fiye da miliyan 36 suka shiga Japan, kuma da yawansu sai sun leƙa Kiyoto. Ciniki ya bunƙasa, amma 'yan gari sun ji jiki. Tsohuwa za ta asibiti, ɗalibi za shi makaranta, su tarar bas ta cika da baƙi da akwatunansu. A unguwar Giyon, inda mata masu raye-raye da kaɗe-kaɗen gargajiya da ake kira geisha ke aiki, wasu baƙi sukan bi su a guje da kyamara, har da jan hannun riga. Wannan ya sa a 2019 shugabannin unguwar suka hana ɗaukar hoto a lungunan da ba na gwamnati ba, da tarar yen 10,000, a 2024 kuma suka fara hana baƙi shiga irin waɗannan lunguna.

Hukumar gari ma ba ta zauna ba. Tun 2007 ta taƙaita tsawon gine-gine, ta hana allunan talla masu walƙiya, don kada su ɓata kyan gari. Tun 2018 duk wanda ya kwana a masauki yana biyan ɗan haraji. A 2024 kuma aka fito da bas-bas na musamman masu zuwa wuraren kallo kai tsaye.

Saura ya rage ga baƙo. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Ya tuɓe takalmi inda aka ce a tuɓe. Kada ya ci abinci yana tafe a Nishiki, ya tsaya gaban shagon da ya saya. Ya riƙe shararsa har ya sami inda zai zuba. Ya yi sammako zuwa wuraren kallo tun taro bai yi yawa ba, ya kuma nemi izini kafin ya ɗauki hoton mutum.

Jama'a, mutanen Kiyoto sun riƙe kayan kakanninsu, ga shi yau duniya na biyan kuɗi ta zo ta gani. Amma Kiyoto gari ne da mutane ke kwana suna tashi a ciki, kuma su ne masu saƙar, su ne masu share lambun. In baƙi suka takura musu har suka gaji suka tashi, to, abin da za a zo kallo ma zai bi su. Allah ya ba mu ikon zuwa mu gani da idonmu, domin gani ya kori ji.