Zane Ba Alewar Rarrashi Ba Ne

Duk lokacin da aka taso da batun kuɗin makarantun masu buƙata ta musamman, ba ka rasa wanda zai ce a soke darasin zane. Wai yaron da bai iya rubuta sunansa ba, me zai yi da fenti? A ganinsu zane alewa ce da ake miƙa wa yaro don ya yi shiru har a tashi. Wannan fahimta ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Wata malamar zane a Amurka, Florence Ludins-Katz, ta shafe ƙarshen rayuwarta tana ƙaryata wannan magana. A lokacin, jihar Kalifoniya na sallamar masu lalurar ƙwaƙwalwa daga gidajen da aka killace su, amma babu wani abin yi da aka tanadar musu. A 1974 ita da mijinta Elias Katz, masanin halayyar ɗan Adam, suka buɗe cibiyar Creative Growth a birnin Oakland. Suka ƙara da NIAD a Richmond a 1982, sai Creativity Explored a San Francisco a 1983.

Abin da ke wa mutane wuyar ganewa shi ne salon koyarwar. Ba a kama hannun ɗalibi, ba a ce masa ga yadda ake zana doki. A ajiye masa kayan aiki, a zaunar da ƙwararren mai zane kusa da shi, sai a jira. Manomi ba ya jan gero da hannu don ya yi tsawo. Mai rini ba ya tsame zane daga karofi kafin baba ya kama. In ƙofa ta ƙi buɗuwa, ba lallai ɗakin ne babu kowa ba, wataƙila makullin da ka ɗauko ne ba nata ba.

Ga Judith Scott. An haife ta a jihar Ohio a 1943 da lalurar galahanga, nau'in da likitoci ke kira Down, ga ta kuma kurma. An daɗe ba a gano kurumtar ba, sai aka yanke cewa ba ta koyuwa. Tana da shekara bakwai aka kai ta gidan killacewa, ta yi shekara 35 a killace, kafin Joyce, wadda aka haife su tagwaye tare, ta ɗauko ta. Ta shiga Creative Growth a 1987. Kusan shekara biyu fenti bai dame ta ba. Da a hannun masu lissafin kasafi take, da tuni an ce asara ce.

Sai wata rana ta ga wata malama, Sylvia Seventy, tana aiki da zare. Ta fara tsintar abubuwa tana naɗe su da ulu da tsummoki, har su zama siffofin da babu wanda ya koya mata. A kan haka ta zauna har ta rasu a 2005.

Mu ma a Najeriya an sa hannu kan dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci tun Janairun 2019, sai dai doka ba ta sayen fenti. Jami'in da ya ɗaga biro zai soke wannan darasi, ya sani cewa a 2014 gidan adana kayan fasaha na Brooklyn da ke New York ya shirya baje koli na musamman na ayyukan Judith, matar da aka ce ba ta koyuwa.