Ƙurar Hunturu da Kayan Lantarki na Gida: Ɓarnarta da Hanyoyin Rage Ta

1.0 Gabatarwa

Kowace shekara, daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, iskar hunturu kan buso daga arewa maso gabas ta lulluɓe garuruwa irin su Damagaram da Maraɗi da Yamai da Kano da ƙura. A zamanin da kayan ɗaki ba su wuce ƙwarya da tasa da tabarma ba, ƙura abar kaɗewa ce kawai a ci gaba da harka. A yau kuwa da wuya a shiga gida a birni ba a tarar da rediyo ko talabijin ko firij ko wayar salula ba, wasu gidajen har da kwamfuta da inbata da batir na sola. Kaya ne masu tsada, waɗanda magidanci kan yi watanni yana tari kafin ya mallaka.

Wannan maƙala za ta yi bayanin asalin ƙurar, da dalilin da ya sa kayan lantarki suke tara ta, da irin ɓarnar da take yi, sannan da hanyoyin rage ta. Abin da ake son mai karatu ya riƙe shi ne: ƙura da hunturu take shiga na'ura, amma sai bazara da damina ɓarnarta take fitowa fili.

2.0 Ma'anar ƙura

Hausa tana da kalmomi da dama masu kusanci da juna a wannan fage. Rairayi ko yashi shi ne mai manyan ƙwayoyi, wanda iska ke turawa a ƙasa. Turɓaya ita ce ƙasa mai laushi da ƙafa ke nutsewa a cikinta. Ƙura ita ce wadda ta tashi sama, ko ta sauko ta kwanta a kan kaya. Idan kuma ta tsaya a sararin sama har ta dushe hasken rana, sai a ce an yi hazo.

Masana suna auna ƙwayar ƙura da maikiromita, wato kashi 1 cikin 1,000 na milimita. Kaurin silin gashin mutum kan kai maikiromita 50 zuwa 70. A cikin ɗakin da iska ba ta motsi, ƙwaya mai maikiromita 10 takan ɗauki kimanin minti 8 kafin ta sauko daga tsayin mita ɗaya da rabi, amma mai maikiromita 1 sai ta yi kusan awa 12 tana yawo. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin shi ne zai nuna mana yadda ya kamata a tsara shara a ɗakin da ke da na'urori.

3.0 Inda ƙurar take fitowa

Babban tushen ƙurar hunturu shi ne kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Cadi, wanda masana suka ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, kwarin yana ƙarƙashin ruwan tsohon Tafkin Cadi, a lokacin da faɗin tafkin ya haura murabba'in kilomita 300,000. Da ruwan ya janye, sai ya bar farar ƙasa mai laushi, wadda akasarinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani. Iska kan matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, ta ƙara ƙarfi, ta kwashi wannan gari ta yi kudu maso yamma da shi. Ke nan, wani ɓangare na farar ƙurar da ake gogewa a kan talabijin a Maraɗi ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000.

Baya ga wannan, akwai ƙurar cikin gari, wadda motoci da babura da dabbobi suke tayarwa a hanyoyin da ba kwalta. Akwai kuma wadda ake samarwa a cikin gida: zaren tufafi da na darduma, da toka, da hayaƙin girki da na turaren wuta, da ɓarɓashin fatar mutane. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Arizona ta Amurka a shekarar 2009 ya nuna cewa kimanin kashi 60 cikin 100 na ƙurar cikin gida daga waje take shigowa, ta iska da kuma ƙasan takalma.

4.0 Dalilin da ya sa na'urori suke tara ƙura

Mai lura zai ga cewa na'ura ta fi tebirin da take kai saurin yin ƙura. Dalilai uku ne suka jawo haka.

Na farko, yawancin na'urori suna buƙatar iska don su huce. Kwamfuta da inbata suna da ƙananan fankoki da ke zuƙo iskar ɗaki su bi da ita ta cikinsu. Iskar takan fita, ƙurar ta tsaya.

Na biyu, ko na'urar da ba ta da fanka, kamar dikoda, tana ɗumama iskar da ke cikinta. Iska mai ɗumi takan tashi ta fita ta ramukan sama, wata ta shigo ta ƙasa da tata ƙurar.

Na uku shi ne lantarkin gogayya, wato irin wanda ke sa a ga tartsatsi idan aka yaye bargo da daren hunturu. A wannan lokaci laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, saboda haka roba da gilashi suna riƙe wannan lantarki, su riƙa jan ƙura kamar yadda maganaɗisu ke jan allura. Tsohon talabijin mai tulu a baya ya fi kowa wannan hali, domin a cikinsa akwai ƙarfin lantarki da ya kai kimanin bolt 25,000. Talabijin mai shafaffiyar fuska da ya maye gurbinsa bai kai shi ba, amma shi ma jikinsa na roba yana ja.

5.0 Ɓarnar da ƙura take yi

5.1 Zafi

A kan ƙwaƙwalwar kwamfuta akwai wani ƙarfe mai tsage-tsage kamar haƙoran mataji, wanda aikinsa shi ne ya kwashi zafi ya miƙa wa iska. Idan ƙura ta cike tsagogin, sai ta zama tamkar bargo. Da hunturu ba a cika lura ba, domin gari da sanyi. Amma da zarar an shiga Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Yamai, sai a ji fanka tana kuka, kwamfuta tana nawa. Idan ƙwaƙwalwar ta kusa digiri 100, takan rage gudunta da kanta, ko ta kashe na'urar gaba ɗaya don kada ta ƙone.

Haka abin yake ga firij. Baƙaƙen bututun da ke bayansa ko ƙarƙashinsa su ne ke fitar da zafi. Idan ƙura ta rufe su, injin zai riƙa daɗewa yana aiki, ya sha wuta da yawa, ya kuma gaji da wuri.

5.2 Laima

Busasshiyar ƙura ba ta cika ɗaukar lantarki ba, sai dai tana ɗauke da gishiri iri-iri. Idan damina ta faɗi, wannan gishiri yakan tsotsi laima, ƙurar ta zama danƙo. Daga nan wuta takan sami hanyar tsallakawa tsakanin siraran layukan da ke kan allon na'ura, tsatsa kuma ta kama mahaɗai. Hakan kan faru a saman batir mai ruwa: jiƙaƙƙiyar ƙura tsakanin kawunansa biyu tana zuƙe caji a hankali. Mafi haɗari shi ne fulogin da ya shekara a soket a bayan firij ko kabad. Ƙurar da ta taru tsakanin ƙafafunsa, idan ta jiƙa, tana iya haifar da tartsatsi har gobara ta tashi.

5.3 Toshewa

Ƙura da zaren aljihu suna cushewa a ramin cajin waya, har wayar ta ƙi caji, mai ita ya yi ta sayen sabuwar caja a banza. Tana kuma toshe ƴan ramukan lasifika, murya ta dushe. A kan rufi kuwa, allon sola da ƙura ta lulluɓe ba ya samun cikakken haske, don haka batir ba ya cika.

6.0 Hanyoyin rage ƙura

6.1 Tare ta daga ƙofa

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. A ranakun hazo, a rufe tagogin da ke fuskantar arewa da gabas, a buɗe na kudu da yamma idan ana son iska. A toshe ƙasan ƙofa da naɗaɗɗen tsumma ko tsohuwar roba. A sa labule mai kauri, a riƙa wanke shi a kai a kai. Ragar sauro tana tare manyan ƙwayoyi kaɗai, ita ma tana son wanki. Al'adar tuɓe takalmi a bakin ƙofa, wadda dama ake yi don ladabi da tsabta, tana daga cikin manyan magungunan ƙura. Yayyafa ruwa a tsakar gida kafin shara shi ma haka ne.

6.2 Kaɗewa da gogewa

A nan ya dace a bambanta aikatau biyu. Wanda ya kaɗe ƙura ya tashe ta ne ta koma iska, kuma kamar yadda aka gani a sashe na 2.0, mai laushin za ta yi awanni tana yawo kafin ta sake sauka, ko fankar na'ura ta zuƙe ta. Wanda ya goge da tsumma mai ɗan danshi kuwa ya kama ta, zai fita da ita waje ya wanke. Saboda haka tsarin da ya dace shi ne:

a. A kashe na'urori da fankar ɗaki kafin a fara shara.
b. A yayyafa ruwa kaɗan, ko a yi amfani da jiƙaƙƙen tsumma a madadin tsintsiya idan daɓen siminti ne ko tayil.
c. A kai darduma da tabarma waje a kakkaɓe su nesa da taga.
d. A dakata kamar rabin awa ƙura ta lafa.
e. A goge kaya daga sama zuwa ƙasa.

Mai halin sayen injin zuƙe ƙura ko na tace iska, ya nemi mai matatar da ake kira HEPA, wadda ke kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyi masu maikiromita 0.3. Mai na'urar sanyaya ɗaki kuma ya riƙa wanke ragarta duk mako biyu a lokacin hunturu.

6.3 Mazaunin na'ura

Ƙura ta fi yawa kusa da ƙasa. Don haka kada a ajiye kwamfuta ko inbata a kan daɓe ko darduma. A ɗora su a kan tebur ko kanta. A nisanta su da taga da ƙofa da murhu, domin hayaƙin mai yana sa ƙura ta manne. A bar tazarar aƙalla santimita 10 tsakanin na'ura da bango. A tattara wayoyi a ɗaure su sama da ƙasa, don a sami damar share bayan kaya.

6.4 Lulluɓi

A gidaje da yawa akan rufe talabijin da rediyo da ƙyalle mai ado. Dabara ce mai kyau, amma da sharaɗi: sai an kashe na'ura ta huce sannan a rufe, kuma a yaye ƙyallen gaba ɗaya kafin a kunna. Na'urar da ke aiki a lulluɓe tana cikin haɗarin da ya fi na ƙura. Inbata da dikoda da ke kwana a kunne ba a rufe su sam. Yadin auduga ya fi leda, domin leda tana riƙe laima da damina, tana kuma tara lantarkin gogayya da hunturu.

6.5 Tsabtace na'urar kanta

Kafin komai, a kashe na'ura a zare fulogi daga soket. A goge fuskar talabijin da tsumma mai laushi. Idan da tabo, tsumman ake ɗan jiƙawa, ba a fesa ruwa a kan gilashin. Ramukan iska ana share su da burushi mai laushi. Kada a hura da baki, domin numfashi yana da laima. Idan za a yi amfani da famfon hura iska, a fita waje, a kuma riƙe fankar da ɗan tsinke don kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Ramin cajin waya ana sakace shi a hankali da tsinken itace bayan an kashe wayar. Allura da fil suna lalata shi. Allon sola kuwa da sassafe ake wanke shi da ruwa mai tsabta, kafin rana ta gasa gilashin.

Mutum ba ya jin lantarkin gogayya sai ya kai kimanin bolt 3,000, alhali ƙasa da bolt 100 ya isa ya lalata wasu sassan cikin kwamfuta. Saboda haka wanda zai buɗe ta ya fara taɓa ƙarfen jikinta. Amma tsohon talabijin da inbata da akwatin wutar kwamfuta suna riƙe caji mai kisa ko bayan an zare su daga wuta. Waɗannan aikin mai gyara ne, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mai sayen sabuwar waya kuma ya duba ko an rubuta mata lambar kariya mai farawa da IP, kamar IP54 ko IP68. Lamba ta farko ita ce ta ƙura: 5 na nufin ƴar kaɗan za ta iya shiga ba tare da ta hana aiki ba, 6 kuwa na nufin ba ta shiga ko kaɗan. Lamba ta biyu ta ruwa ce.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa ƙura tana taruwa da hunturu, ta tsare zafi da bazara, ta jawo laima da damina. Wannan jeri shi ne ya kamata ya tsara aikin magidanci. Daga Nuwamba zuwa Maris, aikin shi ne rufe kafofi da goge kaya kullum ko bayan kwana biyu. A ƙarshen Maris, da zarar hazo ya yaye kuma kafin zafin bazara ya kankama, a yi babbar tsabta: a jawo firij a share bayansa, a zare kowane fulogi a goge shi da busasshen tsumma, a goge saman batir, a kai kwamfuta da inbata wurin mai gyara ya buɗe ya hure su. Kafin saukar ruwan farko kuma a sake duba soket-soket ɗin da ke ɓoye a bayan kaya. Kuɗin wannan aiki bai wuce na tsumma da burushi da ladan mai gyara ba, kuma ko kusa bai kai kuɗin sabon inbata ko injin firij ba.