Kyamarar da Aka Tsinta a Adakar Kawu

Bayan rasuwar wani kawuna a Maikujera, muka buɗe adakarsa domin rabon gado. Ƙarƙashin rawuna da tsofaffin rasitan haraji muka tarar da wani ɗan ƙarfe baƙi mai kama da akwatin taba. Da na danna maɓallinsa sai murfi ya faɗo, wata fata mai ninki ta miƙe tamkar zugazugin maƙeri, da gilashi a bakinta. Ashe kyamara ce ƙirar Agfa Isolette, ta Jamus, wadda aka yi yayi a shekarun 1950. Fim mai lamba 120 take ci, wanda Kodak ya fito da shi tun 1901, kuma hoto 12 kacal take ɗauka kafin a sake mata wani.

Nan take magada suka fara lissafi, domin wani ya ji labarin wata Leica ta 1923 da aka yi gwanjonta a Jamus a 2022 kan Yuro miliyan 14.4. Dole na rage musu zumuɗi. Waccan tana cikin 'yan ƙalilan da aka ƙera na gwaji. Irin tamu kuwa an yi ta da yawan gaske, da ƙyar ta kai kuɗin rago. Masu tara irin waɗannan kaya sukan shiga ɗaki mai duhu su haska tocila cikin fatar, in haske ya tsiyayo ta ƙusurwa, daraja ta faɗi. Sukan duba ko gilashin ya yi hazo, su saurari ƙarar marufin haske. Tamu, zafin Sakkwato da ƙurar hunturu sun riga sun tsattsage fatarta, sai dai bushewar ƙasarmu ta kare gilashin daga fumfuna.

Abin da ya hana ni barci daban ne. Tare da kyamarar akwai ambulan cike da dodon hoto, kuma kafin in iso yara sun kwashe mafi yawa suna kallon rana da su. Bakwai na tsira da su. A ɗaya ana ganin fadamar Rima, tabbas kafin a kammala madatsar Goronyo a 1984. A wani, taron mutane ne a ƙofar wani gida da dattawa suka ce a Wurno yake. Babu dillalin da ya tambayi waɗannan.

A matsayina na ɗalibin harshe, nakan lura cewa matasanmu har yau suna cewa za su “wanke” hoto, alhali ba su taɓa ganin ruwan maganin da ya haifi kalmar ba. Shi kuwa “dodo”, sunan ya dace: fuska fara, rawani baƙi.

Na biya magada kuɗin kyamarar, tana kan teburina. Dodannin bakwai kuma na rubuta sunayen waɗanda dattawa suka iya ganewa, zan miƙa su ga Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato. Mutum uku a hoton Wurno har yanzu ba a sami wanda ya shaida su ba.