Yadda ɗan kokowa daga ƙauye ke samun gurbi cikin ƴan wasa goma na jihar Maraɗi

Jama'a, kaka ta yi, an kai gero rumbu, ganguna sun fara tashi a filayen ƙauyuka. Tambayar da samari ke yawan yi a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji ita ce: ta wace hanya mutum ke bi har ya wakilci jiharmu a gasar neman takobi?

Lissafin ba shi da wuya. Jihohi 8 ne ke shiga gasar, wato Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai, kuma kowace jiha tana zuwa da ƴan kokowa 10. Ka ga ke nan mutum 80 ne kacal a ƙasa baki ɗaya. Gurbi goman nan shi ne dukan gundumomin Maraɗi ke rububi a kai.

Matakin farko a gida yake. Yaron Tchadoua, ko Gangara, ko Tibiri, ko Sae Sabuwa, sai ya fara yin suna a kokowar ƙauye da ta ƙaramar hukumarsa. Waɗanda suka yi fice su haɗu a matakin gunduma. Gazawa, wadda ta rabu da Agye ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, ita ma tana fitar da nata zaratan. Daga nan sai birnin Maraɗi, filin kokowa mai sunan Yakuba Kantu, gwarzon da ya ɗauko wa jihar takobin farko a Tawa a 1975. A can ake tankaɗe da rairaya. Waɗanda suka tsallake sai a killace su wuri guda, a yi ta atisaye kafin tafiya.

To, me masu horo ke dubawa? Ƙarfi kaɗai ba ya isa. A wannan gasa ba a raba mutane bisa nauyi, siririn yaro na iya faɗawa hannun ƙato, don haka sai da dabara da dogon numfashi. Akwai kuma ladabi: mai gudun kamu ko mai gardama da alƙali gargaɗi yake kwasa, gargaɗin kuwa na iya kayar da mutum ko bayansa bai taɓa ƙasa ba. Sannan a babbar gasa, faɗuwa ɗaya ta isa ta cire ka daga neman takobi. Shi ya sa ake son wanda ba ya ruɗewa in ganga ta yi zafi.

Wanda bai samu shiga bana ba, kada ya karaya. Tsohon hannu ma in ya yi sake, sabon jini ya ture shi. Wasu kuma sukan koma wata jiha su yi mata kokowa.

Shawara ga iyaye: a tanadi takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa tun da wuri, a nisanta yaro da ƙwayoyi irin su tramol da ake ruɗin samari da su da sunan ƙarin ƙarfi. Ɗan makaranta kuma ya riƙe karatunsa, don kokowa lokaci gare ta. Mai son shiga ya tuntuɓi ofishin magajin garinsu ko jami'in wasanni na gunduma ya ji ranar da za a fara zaɓe.