Maguɗi a Gasar Kamun Kifi: Daga Matan Fada Zuwa Tafkunan Amurka

Gasar kamun kifi ta sha bamban da sauran wasanni ta wata fuska wadda daga gare ta mafi yawan rigingimun da ke biyo bayanta suke tasowa, wato muhimmin ɓangaren aikin yana gudana ne a inda idon alƙalin gasa ba ya kaiwa. Ɗan dambe a bainar jama'a yake kai bugu, ɗan kokawa kuma a tsakiyar fage yake kayar da abokin karawarsa, amma masunci yakan nutse cikin ruwa ko ya yi nisa da kwalekwalensa, sai daga baya ya fito da kifi a hannu, don haka abin da alƙalai suke iya shaidawa bai wuce kifin da kuma nauyin da sikeli ya nuna ba. Tazarar da ke tsakanin lokacin kamu da lokacin awo ita ce kafar da maguɗi yake bi, kuma duk sa'ad da ladan gasa ya ƙaru, masu neman cin banza sukan ƙara zura wa wannan kafa ido.

Babu inda ya fi dacewa a nazarci wannan batu a ƙasar Hausa kamar Argungu ta jihar Kebbi. Bikin kamun kifi na garin ya samo asali ne a shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta tabbatar da sulhu bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Daular Sakkwato, kuma a shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci a adana. Ƙa'idar gasar ba ta da wuyar fahimta. Da zarar an harba bindiga, dubban masunta sukan kwasa da gudu su auka cikin kogin Matan Fada, ba su ɗauke da komai sai homa, wato ragar hannu da ake ɗaure wa a jikin lanƙwasasshen itace, da kuma babban gora wanda masunci yake hawa don ya yi iyo, yake kuma zuba ƙananan kifaye a cikinsa. Cikin kimanin sa'a guda ake tashi, wanda kifinsa ya fi na kowa nauyi shi ne gwarzo, kuma galibi giwan ruwa ne yake cin gasar, kamar mai kilo 75 da aka kama a 2005, wanda sai da ƙarti huɗu suka taru kafin a ɗora shi a sikeli, da mai kilo 78 da aka kama a 2020, shekarar da bikin ya dawo bayan kusan shekara goma ba a yi shi ba. Abin da yake sa a sami irin waɗannan manyan kifaye shi ne hana kamun kifi a wannan yanki na kogin a sauran watannin shekara, dokar da Sarkin Ruwa da Homa, shugaban masuntan Argungu, suke tsaye a kanta.

A bikin shekarar 2008 ne wannan tsari ya gamu da jarrabawa mai tsanani. Wani masunci ya fito da kifi mai nauyin kusan kilo 66, aka auna, aka yi shelar cewa shi ne ya zo na ɗaya, aka kuma ba shi kyaututtukan da suka haɗa da mota da kujerar aikin Hajji. Bayan an watse ne 'yan'uwansa masunta suka kai kuka fadar Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, suna cewa kifin ya daɗe da mutuwa kafin a fito da shi, kuma da aka bincika aka gamsu da ƙorafinsu, aka karɓe kambun, aka tsare mutumin bisa zargin cewa daga wani ruwa aka kamo kifin aka shigo da shi Matan Fada a ɓoye. Hujjar da aka dogara da ita tana jikin kifin kansa. Idan aka ɗaga murfin da ke bayan kumatun kifi, akwai wani nama mai tsaga-tsaga wanda da shi yake numfashi, kuma a jikin kifin da aka fito da shi yanzu wannan nama ja ne jawur, yana sheƙi, amma idan kifin ya kwana a mace sai launinsa ya koɗe ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka, yauƙi ya lulluɓe shi, idanun kifin su dushe, naman jikinsa kuma ya saki har yatsa ya bar gurbi idan an danna. Duk matar da ta saba sayen ɗanyen kifi a kasuwa ta san waɗannan alamu, balle Sarkawa da Kabawa waɗanda suka gaji su kaka da kakanni. Abin takaicin shi ne an tsaya kallon allurar sikeli, aka yi shela kafin a nemi ra'ayin masu wannan sani.

A Amurka, inda gasar kamun kifi ta zama sana'a mai jujjuya miliyoyin daloli, an daɗe ana fama da irin wannan matsala. Kifin da aka fi yin gasa a kansa ana kiran sa bas, kifin ruwan daɗi ne mai faɗin baki wanda ake kamawa da fatsa daga cikin jirgi mai inji, kuma a mafi yawan gasanni kowane ɗan takara yakan kawo kifaye biyar mafiya girma a haɗa nauyinsu. Ray Scott, wanda ya shirya gasarsa ta farko a tafkin Beaver na jihar Arkansas a 1967, ya kuma kafa ƙungiyar B.A.S.S. a shekarar da ta biyo baya, ya fahimci tun farko cewa zargin ha'inci ne ya hana irin waɗannan gasanni yin daraja, shi ya sa ya riƙa haɗa mutum biyu da ba su san juna ba a jirgi ɗaya ta hanyar ƙuri'a, kowa ya zama shaida a kan ɗan'uwansa. Daga baya aka ƙaro da na'urar gano ƙarya, wadda take auna bugun zuciya da numfashi da gumin mutum yayin da ake yi masa tambayoyi, ko da yake masana da yawa ba su yarda da ingancinta ba, kuma kotuna da dama ba sa karɓar sakamakonta.

Duk da haka dabarun 'yan maguɗi ba su ƙare ba. Akwai masu kama manyan kifaye kwanaki kafin gasa su tsare su cikin keji a ƙarƙashin ruwa, akwai masu karɓar kifi daga hannun wani a tsakiyar tafki, sannan akwai masu ɗura wa kifi dalma don ya ƙara nauyi. A 2009, a tafkin Ray Hubbard na jihar Texas, an ga wani bas ya nutse ya kwanta a ƙasan tankin da ake ajiye kifaye da rai, da aka matsa cikinsa sai aka tarar da dunƙulen dalma mai kusan rabin kilo, wanda aka cusa don a ci jirgin ruwa na dala 55,000, kuma mai kifin ya yi kwana 15 a gidan yari. Wanda ya fi yin ƙaurin suna shi ne na ranar 30 ga Satumba, 2022, a birnin Cleveland na jihar Ohio, a wata gasar tafkin Erie ta kifin da ake kira walleye. Shugaban gasar, Jason Fischer, ya lura cewa nauyin da sikeli ya nuna ya zarce girman kifayen da yake gani, sai ya latsa cikin ɗaya ya ji tauri, ya sa wuƙa ya farke shi a gaban jama'a, kuma daga cikin kifaye biyar aka fitar da dunƙulen dalma 10 masu nauyin fiye da kilo 3, tare da yankakken naman kifi da aka cusa don ya danne su. Mutum biyun da suka kawo kifayen, waɗanda suka yi harin ladan dala 28,760, sun amsa laifinsu a 2023, aka ɗaure su kwana 10, aka ci su tara, aka ƙwace jirginsu mai darajar dala 100,000.

Abin lura shi ne a Cleveland ma, kamar a Argungu, idon wanda ya san kifi da hannunsa ne suka tona asiri, na'ura ba ta taka wata rawa ba. Bambancin kawai shi ne a Cleveland an bincika kafin a miƙa kyauta. Wasu masu shirya gasa sun zaɓi su toshe tazarar gaba ɗaya, kamar Major League Fishing, wadda take sanya jami'i a kowane jirgi ya auna kifi nan take a mayar da shi ruwa, ko kuma gasannin kududdufan kuɗi da suka yawaita a kewayen Kuala Lumpur ta ƙasar Malesiya, inda masu fatsa suke jeruwa a bakin ruwa kowa yana ganin kowa, sai dai a nan nauyin amanar yakan koma wuyan mai kududdufin, tunda shi yake zuba kifin.

Argungu ba za ta iya bin ɗayan waɗannan hanyoyi biyu ba, domin ba a sanya wa dubban mutanen da suka nutse lokaci guda shaidu ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan cincirindon shi ne armashin bikin. Abin da take da shi ya fi ƙarfi, wato sarautun ruwa da suka girmi gasar kanta, da masuntan da suka san juna, suka kuma san irin kifin da Matan Fada yake iya haifarwa. Asarar da maguɗi yake jawowa ba ta tsaya kan mota ko kujerar Makka ba, tana kan talakan masuncin da ya haƙura da wannan ruwa shekara guda cur saboda biyayya ga doka, ya zo ya yi kasada da ransa, sannan wani ya sha gabansa da mushe. Saboda haka ya wajaba a tsaurara gadin kogin a dararen da suka gabaci gasa, a duba goruna da kwalekwale kafin a harba bindiga, sannan a mayar da shi ƙa'ida cewa babu kifin da zai hau sikeli sai Homa da dattawan masunta sun ɗaga kumatunsa, sun latsa cikinsa a gaban jama'a, ko da hakan zai sa manyan baƙi su ƙara jira a rumfa kafin a yi shelar wanda ya ci.